Darar Jarida da Teburin Kawu

A Coal Camp, cikin Inugu, ba don labari muke neman jarida ba. Mai son labari ya tafi tashar jirgin ƙasa ya zauna, kafin azahar zai ji na Kano da na Fatakwal har ya ƙoshi. A wurinmu jarida takardar naɗe nama ce. Mahautanmu dila-dila suke sayenta, tsofaffin jaridun Ingila da jirgin ruwa ke saukewa a Fatakwal, a ɗoro su a jirgin ƙasa su iso mana suna warin laima da fitsarin ɓera. Labarin da ke cikinsu ya yi wata shida da mutuwa, wani ma ya shekara. Sai a sa wuƙa a raba su gida huɗu, a soke a ƙusa kusa da teburin nama.

Amma kafin wuƙa ta taɓa dila, sai an aiko an kira ni. Haka Kawu ya shirya da Sarkin Fawa tun ban yi aure ba. In zo in durƙusa, in bi jaridun ɗaya bayan ɗaya, in yage shafin baya na kowacce. A wannan shafin ne ake buga abin da Kawu ke kira darar Bature.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana tafinta a kotu, yana juya Hausa da Ibo da Turanci a gaban joji. Da ya ajiye aiki sai ya kafa tebur a barandar wani tela, daura da masallacinmu. Fataken shanu, mahauta, 'yan koli, har waɗanda ke tasowa daga Anaca, duk wanda aka miƙa wa takarda da Turanci nan yake kawota: sammaci ne, takardar likitan dabbobi ce, ta asibiti ce, ko wasiƙar hedimasta. Kawu ya sa tabarau ya karanta, ya faɗa wa mutum abin da aka ce da abin da ya kamata ya yi. Ba ya yanka wa kowa farashi. Wani ya ajiye goro, wani tsoka, wani ya yi godiya ya tafi. Kuma babu mai zuwa wani wuri ya sake tambaya. In Malam ya ce ga abin da takarda ta ce, magana ta ƙare.

Darar kuwa a wurin wani joji ya koya, wanda ke yinta a ɓoye ana tsakiyar shari'a. Zane ne mai gidaje farare da baƙaƙe, a ƙasansa an jera tambayoyi, kowace amsa a rubuta ta harafi ɗaya a gida ɗaya, wata a kwance wata a tsaye, suna ratsa juna. Wahalarta ita ce tambayoyin ba sa faɗin abin da suke nufi. Za ka karanta cewa wani sarki ya rasa kansa a tsakiyar kogi, ka yi ta tausayin sarki, ashe so ake ka cire harafin farko na wata kalma ka cusa sauran a cikin sunan wani kogi. Wata kuma an yamutsa haruffanta, wata an ɓoye ta a cikin jimlar tana kallonka kana kallonta. Kawu yakan ce mai tsara wannan abu kamar mai ba da shaida ne da ya rantse ba zai yi ƙarya ba, ya kuma ƙudurta ba zai taimake ka ba. Ya ce ya ga irinsu da yawa a kotu, shi ya sa ba sa ba shi tsoro.

Da alƙalamin kara da tawadar allo yake cike gidajen. Na taɓa kawo masa fensir mai abin gogewa a gindi, ya juya shi ya miƙo min.

"Akawu, wannan na masu shakka ne. Riƙe kayanka."

Akawu yake kirana saboda aikina a ma'ajiyar kaya ta reluwe, kuma yadda yake jan kalmar ka san ba yabo ba ne.

In ya gama cikewa, sai a shiga shari'a. Ya bi tambayoyin ɗaya-ɗaya, ya rubuta hukuncinsa da ajami a gefen shafin. Wadda aka ɗaure da kyau, kowace kalma a cikinta tana da aikin da take yi, ya rubuta "adali". Wadda aka saka wata kalma don kawai a ɓatar da mutum, ya rubuta "ha'inci". Akwai kuma "malalaci", ga wadda bai sha wahala ba. Bai taɓa ganin masu tsarawar ba, jaridar ma ba ta faɗin ko su wane ne, amma ya san halinsu sarai. Na ranar Talata, in ji shi, mashayi ne, yana fara aiki da hankalinsa ya ƙare shi a buge. Na ranar Juma'a tsohon malamin makaranta ne da matarsa ba ta ganin girmansa. Kawu ya san sunayen kogunan Ingila da furanninta fiye da yadda ya san unguwannin Kano, garin da ya bari tun yana saurayi. Matar da ke sayar da garin rogo a gefen baranda takan leƙo ta tambaye shi da Turancin buroka ko bai gama haɗa layar tasa ba, shi kuma ya ba ta amsa da Ibo, su yi ta dariya.

Amsoshin kowace dara suna fitowa ne a jaridar washegari, a wani ɗan ƙaramin zane da ke ƙasan sabuwar. Aikina ne in sa reza in yanke su, in zuba a gwangwanin biskit, in ajiye a gidana. Kowanne da lambarsa a sama, wadda ta yi daidai da lambar darar da ya amsa. Kawu ya ce bai yarda da idonsa ba, kada a bar amsa a inda zai iya kai wa gare ta. Sai ya gama kaf, ya yanke hukunci, sannan in kawo mu gwada.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin wasan tsofaffi, har ranar da na yi masa ƙorafin yana ɓata la'asar ɗinsa da tawa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Kana ganin wasa nake yi? Mutum yana zuwa nan da takarda, bai san ko ɗaurinsa ne a ciki ko sakinsa ba. Abin da na faɗa shi zai ɗauka ya tafi da shi. To wa ke duba ni? A kotu akwai joji, akwai lauya. A nan babu kowa sai wannan." Ya ɗora yatsa a kan shafin. "Ranar da ka ga na kasa ta, na daina karanta wa mutane takarda. In naɗe tabarmata in koma Arewa."

Arewar da yake faɗa wani ƙauye ne da babu wanda ya rage masa a ciki sai 'ya'yan wansa, waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Na yi dariya na ce Allah Ya kai mu. A lokacin yana gama dara kafin shayinsa ya huce.

A daminar da ta biyo bayan saukar da tutar Turawa abin ya fara. Sai ya karanta tambaya, ya ce in karanta masa da baki, in karanta, ya ce in sake. Tawada ta bushe a bakin alƙalami yana riƙe da shi. Ladan ya kira magariba rabin gidajen na nan fari fat. Ya ninke shafin ya ce gobe ma ƙarasa, abin da ban taɓa jin ya faɗa ba. Gobe ta zo, ya buɗe, ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa.

Na so in ce tausayi ne ya sa na fara buɗe gwangwanin. Na sha faɗa wa kaina haka. Gaskiyar ita ce na gaji. Tun safe ina tsaye a ma'ajiya ina haushi da 'yan dako da direbobi, ƙurar gawayi ta cika min hanci, in taso ƙafafuna na zogi in zo in zauna a benci awa biyu ina kallon tsoho yana kallon takarda. A gida maiɗakina ta fara tambaya ko Kawu ne ya aure ni. Kuma akwai abin da ya fi wannan muni: na san in Kawu ya tashi daga teburin nan, ni za a dube ni. Babu wani mai Turanci a cikinmu da mutane za su yarda da shi. Ni kuwa ba na son teburin. Ba na son a riƙa buga min ƙofa da sammaci, ba na son matsalar kowa a wuyana.

Saboda haka wata rana da safe, kafin in fita aiki, na nemo amsar darar da muka maƙale a kai, na haddace kalma uku. Da la'asar na zauna na yi kamar ina tunani, na sosa ƙeya.

"Kawu, ko wata kalma ce mai farawa da harafi kaza?"

Fuskarsa ta washe, ya tsoma alƙalami. "Akawu, ashe ka fara hankali."

Daɗin da na ji a ranar, har yau ina jin kunyarsa. Muka gama kafin magariba, na tafi gida da wuri.

Daga kalma uku aka koma biyar, aka koma goma. Da farko harafin farko kawai nake ba shi, ya ƙarasa da kansa. Daga baya sai na furta kalmar gaba ɗaya, in ce faɗo min ta yi a rai. Ya rubuta, ya gyaɗa kai. Da can ba ya rubuta komai sai ya warware min yadda aka ɗaura tambayar, gaɓa-gaɓa, har in ƙosa. Yanzu ya daina, ni kuma ban tambayi dalili ba, don ba na son jin amsar. Da safe kuma, ina can wurin aiki, mutane na nan suna layi a baranda da takardunsu. Muka yi wata huɗu a haka.

Sai aka kawo wata dila da ruwan sama ya daka a tasha. Gefen jaridun ya jiƙe ya ruɓe, lambobin da ke saman amsoshin duk sun narke. Ban damu ba. Na ce ai zanen gidajen zai nuna min wace amsa ce ta wace dara, sai in gwada baƙaƙen gidaje da baƙaƙe. Abin da ban sani ba, duk shekarun nan da na yi ina yage shafi, shi ne masu jaridar zane kaɗan gare su, suna ta maimaita su. Zane ɗaya sai ya dawo bayan 'yan makonni da sababbin tambayoyi. Na ɗauki amsar wata rana daban, wadda gidajenta suka yi daidai da tamu ɗaya bayan ɗaya, na haddace, na tafi.

Kalmar farko ta shiga daidai. Ta biyu ta ratsa ta, ita ma daidai. Sai a ta biyar na dubi tambayar da kyau, don ni ma ba jaki ba ne, shekarun da na yi a bencin nan ba su tafi a banza ba. Tambayar a fili take neman sunan wani fure. Kalmar da na ba shi, wadda ya riga ya rubuta da tawada, wani irin kwalekwale ce. Na koma ta farko, na koma ta biyu. Babu wadda ta haɗa hanya da tambayarta. Tsawonsu kawai ya yi daidai.

Na dubi Kawu. Yana hura tawada don ta bushe, hankalinsa kwance.

Abin da na yi bayan nan shi ne na ba shi ta shida da gangan. Na zaɓi wadda kuskurenta ya fi fitowa fili, na karanta tambayar da ƙarfi, a hankali, sannan na faɗi kalmar. A raina ina roƙon Allah Ya sa ya ɗago ya daka min tsawa, ya ce wane irin shirme ne wannan, ya kira ni Akawu da wannan jan nasa. Ya tsoma alƙalami ya rubuta. Muka cike gidajen nan kaf, babu ko ɗaya da ke daidai. Da muka gama ya juya shafin a karkace, ya bi tambayoyin yana rubuta hukunci. A gefen ta furen ya rubuta "adali".

Kwana uku ina ɗauke da abin. Na je aiki, na dawo, na ce masa kaina ke ciwo. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, baranda ta yi shiru, tela ya tafi cin abinci, na zo da shafin da amsoshin biyu, ta gaskiya da wadda na yi kuskure. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali da jikin nawa. Na durƙusa a ƙasa maimakon in hau benci.

"Lafiya?" in ji shi.

"Kawu, na yi maka laifi."

Na faɗa masa duka, ban rage komai ba sai maganar cewa ba na son teburin. Bai katse ni ba. Da na gama ya sa tabarau, ya jawo shafin, ya ɗora yatsa a kan tambayar furen, ya kai shi kan kalmar da ya rubuta, ya dawo da shi. Ya yi haka ya fi sau biyar. Na ga yana neman inda kuskuren yake, kuma na ga bai same shi ba. Maganata kawai ya ɗauka.

"Tun yaushe?"

"Tun tsakiyar damina."

Na zaci zai zage ni, ko ya yi kuka. Da ya yi ɗaya daga ciki da na ji sauƙi. Sai ya cire tabarau ya ninke, ya ce, "Wata huɗu ke nan. Takardun da na karanta wa mutane a wata huɗun nan, wa ya duba su?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. Wallahi ko sau ɗaya bai zo min a rai ba. Ni darar kawai nake gani, da magariba, da ƙafafuna.

"Za ka bi su gida-gida," in ji shi. "Duk wanda ka san ya zo nan, da wanda tela ya tuna. Ka ce ni na aiko ka. Ka karɓi takardar ka karanta da idonka."

Mako biyu na yi ina wannan yawo bayan tashi daga aiki. Coal Camp, Ogbete, zangon shanu, mayanka. Wasu sun tafi Anaca, na ba da saƙo. Wasu sun riga sun kunna wuta da takardar. Mutane suna mamaki, wasu suna tsokanata wai an yi min naɗi ba a gayyace su ba. Yawancin takardun babu matsala, don abin da ya saba karantawa shekara da shekaru ne, bakinsa ya san hanya ko da kansa ya ɓata. Na sami wadda ya juya ranar zuwa kotu, amma an ɗaga shari'ar, Allah Ya rufa asiri. Na fara sakin jiki.

Sai na isa gidan wani mahauci, mutum mai sanyin hali da ke da tebur a ƙarshen layin nama. Ya shiga ɗaki ya fito da takarda a ninke cikin ƙyalle. Ta asibiti ce. Matarsa ta daɗe tana tari, aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka aiko da sakamako.

"Malam ya ce sun ce babu komai, ta ci gaba da shan magani," in ji shi.

Na karanta. Layi huɗu ne kacal. An ga abu a hoton, ana so a dawo da ita cikin mako biyu ba tare da jinkiri ba. Na dubi kwanan watan, ya haura wata uku. Ina tsaye a zauren ina jiyo tarinta daga cikin gida.

Na ce masa gobe da sassafe mu kai ta, zan nemi izini a wurin aiki. Ban yi masa wani bayani ba, na wuce wurin Kawu na faɗa masa. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

"Kawu, bari sai da safe mana."

"Kai dai biyo ni."

A ƙofar zauren ya cire takalmansa. Mahaucin nan ɗan cikinsa ne a shekaru, amma Kawu ya durƙusa a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa. Mutumin ya ruɗe, yana ƙoƙarin ɗaga shi yana cewa, "Subhanallahi, Malam, mene ne haka?"

"Na karanta maka abin da ba shi aka rubuta ba," in ji Kawu. "Kaina ya daina aiki ban sani ba, na ci gaba da zama a teburin nan. Laifina ne. Ka yafe min, ka roƙar min ita."

Bai ambace ni ba. Ina tsaye a bayansa riƙe da takalmansa, na jira ya juyo ya ce ga wanda ya sani ya ɓoye. Bai juyo ba. Ni ma bakina yana nan, ban buɗe shi ba. Mahaucin ya ce babu komai, haka Allah Ya tsara, ai alherin Malam a kansu ya fi a ƙirga. Har ya dube ni ya yi min godiya da na taso takanas na duba.

Aka kwantar da ita a asibiti. Na tambayi likita ko da an kawo ta a kan lokaci da abin ya canza, ya ɗaga kafaɗa ya ce ba zai iya sani ba. Kawu bai sake zama a baranda ba ko na yini ɗaya. Kafin wata ya ƙare na raka shi tasha da akwatinsa da tabarmarsa, ya shiga jirgin Kano, ya zauna ta taga ya yi min nasiha a kan salla da haƙuri da iyali, kamar yadda kowane kawu zai yi. Matar ta rasu bayan Babbar Salla.

Teburin ya dawo kaina, kamar yadda na sani. Na zauna a kansa kowace la'asar har ranar da hargitsin da ya kai ga yaƙin basasa ya tashe mu daga garin gaba ɗaya. Duk tsawon shekarun nan mahaucin bai kai takardarsa wurin kowa ba sai wurina. Ya zo ya yi sallama, ya tambayi labarin Malam, ya ce Allah Ya saka min da alheri, ni ne na gano abin da ya faru da marigayiya. Ni kuma in ce amin, in karɓi takardar in karanta masa sau biyu. Mun rabu a tashar Kaduna cikin turmutsutsu, yana riƙe da hannun 'yarsa, yana ce min sai Allah Ya sake haɗa mu. Ban faɗa masa ba.